Kura da Shan Bugu: Matuƙan Jiragen Sama da Aikin Jinga a Amurka

Sanin kowa ne cewa mutumin da ya sayi tikitin jirgin sama, sunan kamfanin da ke rubuce a jikin tikitin nan shi ya saya, kuma shi ya danƙa wa amanar ransa. A ƙasar Amurka kuwa an kwashe shekaru kusan 40 ana sayar wa fasinja tikitin babban kamfani, a kai shi bakin jirgin da aka shafe da fentin kamfanin, ma'aikata su tarbe shi cikin tufafi masu kama da na kamfanin, alhali mutum biyun da ke zaune a gaba riƙe da akalar jirgin ba su cikin littafin albashin wannan kamfani. Wani ƙaramin kamfani ne, wanda fasinjan bai taɓa jin sunansa ba, ya karɓi jingar ɗaukarsa. Abin ya yi yawan da wajejen shekarar 2010 kusan rabin jiragen fasinja da ke tashi a cikin ƙasar na irin waɗannan 'yan jinga ne, suna yawo da sunaye kamar American Eagle da Delta Connection da United Express.

Idan aka tambayi matuƙan manyan kamfanoni wanda ya jawo wannan hali, nan take za su nuna masu kamfani da yatsa, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai gaskiyar tasu ba ta cika ba. Babu jirgin jinga ko guda da ya tashi da fentin babban kamfani face da izinin da ke rubuce a cikin yarjejeniyar ƙungiyar matuƙan wannan kamfani, wadda su da kansu suka jefa wa ƙuri'ar amincewa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, matuƙan sun yi daidai da suka ƙi sake sassauta wannan izini a 'yan shekarun nan, amma tsayawa a nan bai wanke su ba, domin aikin da suka riga suka sayar yana nan a hannun wasu matuƙa 'yan'uwansu, waɗanda aka mayar bayin gida a sana'arsu.

Kafin a shiga cikin gardamar, ya kamata mai karatu ya san abubuwa biyu game da wannan sana'a, domin a kansu kome ya rataya. Na farko dokar ƙwadago ce. Babbar ƙungiyar matuƙa ta ƙasar, wadda ake kira ALPA, an kafa ta a 1931, kuma tun 1936 aka sa kamfanonin jiragen sama ƙarƙashin dokar da aka yi wa ma'aikatan jirgin ƙasa a 1926. A ƙarƙashin wannan doka yarjejeniya ba ta mutuwa, sai dai lokacin gyaranta ya yi, kuma ma'aikata ba su da ikon tafiya yajin aiki sai hukumar sulhu ta gwamnati ta sallame su, sannan a jira kwana 30, bayan haka ma shugaban ƙasa yana iya sa baki ya dakatar da su. Saboda haka ciniki tsakanin ƙungiya da kamfani yakan ɗauki shekaru, kuma wanda ya fi haƙurin jira shi ke cin kasuwa. Na biyu kuwa shi ne jerin girma. Kowane kamfani yana da jerin sunayen matuƙansa bisa ranar da aka ɗauki kowa aiki, kuma lambar mutum a wannan jeri ita ke yanke masa kome: irin jirgin da zai tuƙa, garin da zai zauna, ranar da zai zama kyaftin, ranakun hutunsa, da kuma wanda za a fara sallama idan kasuwa ta faɗi. Wannan lamba ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Kyaftin mai shekara 20 a bakin aiki, idan kamfaninsa ya rushe, a sabon wuri daga ƙasan jeri zai fara, da albashin ɗan shekarar farko, a bayan yaron da aka ɗauka jiya.

Har zuwa 1978 gwamnati ce ke tsara wa kamfanoni hanyoyin da za su bi da kuɗin da za su karɓa, don haka duk abin da aka ƙara wa ma'aikata a kan fasinja yake ƙarewa, babu mai kuka. A shekarar nan Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta saki kasuwa, kowa ya bi hanyar da ya so, ya sayar yadda ya ga dama. Daga nan albashin ma'aikata ya zama abin da masu kamfani ke kwana suna tashi da shi. A 1983 Frank Lorenzo ya kai kamfanin Continental kotun karayar arziki, ya yi watsi da yarjejeniyoyin ƙungiyoyi, ya sake buɗewa bayan kwana uku da albashin da bai wuce rabin na da ba. A wannan shekara kuma kamfanin American, wanda matuƙansa ke da tasu ƙungiya dabam mai suna APA, ya shawo kansu suka yarda da ma'auni biyu na albashi: waɗanda ke ciki su ci gaba da karɓar nasu, waɗanda za a ɗauka nan gaba a biya su ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Wannan ma'auni na biyu bai daɗe ba a manyan kamfanoni, don kuwa sababbin sun shiga ƙungiya ɗaya da tsofaffin, suna jefa ƙuri'a, kuma da yawansu ya kai sai suka ture shi. Masu kamfani sun ɗauki darasi daga wannan. In ana son ma'auni na biyu ya ɗore, to a ajiye masu karɓarsa a wajen gida, inda ba su da ƙuri'a.

Hanyar yin haka kuwa tana nan a shimfiɗe. Manyan kamfanoni sun riga sun koma tsarin matattara, watau a tattaro fasinjoji daga ƙananan garuruwa zuwa babban filin jirgi guda, kamar Atlanta ko Dalas ko Shikago, sannan a rarraba su cikin manyan jirage. Masu tattarowar ƙananan kamfanoni ne masu jirage na farfela, masu kujeru 19 ko 30, kuma daga wajejen 1984 lulluɓa musu sunayen manya ya zama ruwan dare. A cikin kowace yarjejeniyar matuƙa akwai wani sharaɗi da ke faɗin wane aiki ne na 'yan ƙungiya, wanne ne kamfani zai iya bayarwa waje. Za a iya kiransa sharaɗin shinge, domin aikinsa ɗaya da shingen da ke raba gona da gona. A wancan zamani matuƙan manyan jirage ba su ga abin tsoro ba a cikin 'yan jiragen farfela masu ƙara da jijjiga, waɗanda ba su tafiyar da ta wuce sa'a guda. Wasu ma raini suke yi musu. Sai suka bar ƙofa a jikin shingen.

Abin da ya shigo ta ƙofar ya bambanta da abin da aka buɗe ta dominsa. A 1993 kamfanin Comair na birnin Sinsinati ya fara aiki da jirgin jet mai kujeru 50 ƙirar Canadair ta Kanada, bayan 'yan shekaru kuma kamfanin Embraer na Barazil ya kawo nasa. Waɗannan jirage gudunsu da tsawon tashinsu sama kusan ɗaya da na manya, suna kuma iya tafiyar sa'a biyu ko fiye. Ke nan hanyar da a da sai babban jirgi da matuƙan babban kamfani, yanzu ana iya raba ta gida uku a ba ƙananan jirage, a biya matuƙansu wani ɗan yanki na albashin manya. Matuƙan American sun farga da wuri. Batun wanda zai tuƙa waɗannan jirage yana cikin abin da ya kai su yajin aiki a watan Fabrairu na 1997, yajin da bai cika rabin sa'a ba Shugaba Bill Clinton ya dakatar da shi. Da aka zo sulhu, jiragen sun tafi hannun American Eagle, aka sa iyaka a kan yawansu, matuƙan kuma suka karɓi ƙarin albashi. Wannan ciniki, na ba da kujeru a karɓi kuɗi, shi aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru.

Yana da kyau a tsaya a dubi yadda jingar kanta take, domin a nan muguntar tsarin ta ɓuya. Ƙaramin kamfani ba ya sayar da tikiti, ba ya zaɓen hanya, ba ya yanke farashi. Babban kamfani ke yin duk wannan, shi ke karɓar kuɗin fasinja, sau da yawa ma shi ke biyan kuɗin mai, kuma wani lokaci jiragen nasa ne, aro ya bayar. Ɗan jinga ana biyansa ne bisa yawan tashi da sa'o'in da jirgi ya yi a sama. To, tunda jirgi iri ɗaya ne, mai iri ɗaya ne, filin jirgi ɗaya ne, da me ɗan jinga zai kayar da abokin takararsa idan aka zo rabon kwangila? Ba shi da abin da zai rage face ladan ma'aikata. Babban kamfani kuwa yakan ajiye 'yan jinga huɗu ko biyar, ko fiye, yana kaɗa wannan da wancan. Duk wanda matuƙansa suka tsufa a aiki, albashinsu ya hau, sai a janye jiragensa a miƙa wa sabon kamfani mai yara, su kuma tsofaffin su je su nemi aiki a can, su fara daga ƙasan jeri, wani lokaci a cikin jirgin da suka sauka daga cikinsa makon jiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin Comair ya isa misali. Kamfanin Delta ya saye shi a farkon shekarar 2000 a kan kimanin dala biliyan 1.8, abin da ke nuna cewa ba ƙaramar riba ake samu da shi ba. A 2001 matuƙansa suka tafi yajin aiki na kwana 89, suna neman a biya su gwargwadon jiragen da suke tuƙawa, kuma suka samu yarjejeniyar da ta fi ta kowane ɗan jinga a lokacin. Wannan nasara ita ta zama ajalinsu. Delta ya ƙudurta cewa ba zai sake barin matattararsa a hannun ɗan jinga guda ba, ya shiga rarraba aikin ga wasu, Comair ya yi ta ƙanƙancewa, har aka rufe shi a watan Satumba na 2012. Sauran matuƙan jinga sun ga abin da ya faru, kuma babu wanda ya bukaci a fassara masa. Haka kamfanin ExpressJet, wanda ya taɓa zama cikin mafiya girma, ya tsaya cik a 2020 sa'ad da United ya ɗauke aikin jiragensa masu kujeru 50 ya ba wani.

Shekarun da suka biyo bayan harin 11 ga Satumba na 2001 su ne shingen ya fi shan sara. US Airways ya shiga kotun karayar arziki a 2002, ya sake komawa a 2004. United ya shiga a ƙarshen 2002. Delta da Northwest suka shiga rana ɗaya a watan Satumba na 2005. American ya bi sahu a 2011. Dokar ƙasar ta ba kamfanin da ke gaban wannan kotu damar roƙon alƙali ya soke yarjejeniyar ma'aikata, don haka ƙungiyoyi sun zauna ciniki ne da wuƙa a maƙogwaro. An zaftare albashi, matuƙan Delta sun ba da kusan sulusin nasu a 2004 tun ma kafin a je kotu, an rushe asusun fanshon matuƙan United da na Delta da na US Airways, an sallami dubbai. A cikin wannan hali iyakar kujerun jirgin jinga ta tashi daga 50 zuwa 70, daga nan zuwa 76, yawan jiragen da aka yarda da su kuma ya ninka. Jirgi mai kujeru 76 fa ba ƙaramin jirgi ba ne. Ƙaramin samfurin DC-9 da matuƙan manyan kamfanoni suka yi shekaru suna tuƙawa kujerunsa ba su wuce 80 ko kusa da haka ba. Matuƙin da aka sallama daga United yana iya tsayawa a filin jirgi ya ga sabon jirgi fil mai fentin United yana bin hanyar da ya saba bi, da wani a kujerarsa. An sayar da akuya, ta dawo tana cin danga.

Babu mai hankalin da zai zargi mutum don ya ba da wani abu sa'ad da alƙali ke shirin ƙwace masa duka. Amma ba dukan sassaucin aka yi a gaban alƙali ba, kuma ko wanda aka yi a can akwai zaɓi a cikinsa. Idan shugabannin ƙungiya suka zauna da kamfani, aka ce su zaɓa tsakanin ƙarin ragin albashi da ƙarin jiragen jinga, waɗanda za su jefa ƙuri'a su ne masu aiki a hannu, kuma mafi ƙarfin murya a cikinsu su ne na saman jeri, masu tuƙa manyan jirage zuwa Turai da Asiya, waɗanda jirgi mai kujeru 70 ba zai taɓa kusantar hanyarsu ba. Wanda zai ji zafin cinikin shi ne na ƙasan jeri da za a sallama, da kuma yaron da ke makarantar koyon tuƙi yana cin bashi, wanda gurbinsa ne ake sayarwa tun bai zo ba. Shi ba shi da kujera a teburin. Daɗin daɗawa, ƙungiyar ALPA ita ke wakiltar matuƙan Delta da United, ita ce kuma ke wakiltar matuƙan da yawa daga cikin kamfanonin jinga, ta karɓi kuɗin ƙungiya a hannun dama da hagu. Yadda lauya ɗaya zai tsaya wa mai gona da wanda aka kafa shinge don a tsare shi, abu ne mai wuyar ganewa, kuma ba abin mamaki ba ne da wasu matuƙan Comair suka taɓa kai ƙungiyar tasu ƙara a kan wannan batu.

Jama'ar Amurka ba su san zurfin ramin ba sai daren 12 ga Fabrairu na 2009, sa'ad da wani jirgi da ya taso daga Newark ya faɗi a kan wani gida kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu, 49 a cikin jirgin, ɗaya a ƙasa. Tikitin na Continental ne, fentin ma haka, amma jirgin na wani kamfani ne mai suna Colgan Air, kuma da yawa daga cikin iyalan mamatan a ranar suka fara jin wannan suna. Jirgin mai farfela ne, ba jet ba, amma tsarin jingar ɗaya ne. Hukumar binciken haɗurra ta ɗora babban laifin a kan kyaftin, wanda ya ja akalar jirgin baya a lokacin da na'ura ke gargaɗinsa cewa gudun ya yi ƙasa, abin da ya kamata ya yi kuwa akasin haka ne. Amma abin da ya girgiza mutane shi ne abin da binciken ya tono a gefe. Kyaftin ɗin ya sha faɗuwa jarrabawar tuƙi a baya. Mataimakiyarsa kuwa, 'yar shekara 24, abin da ta samu a shekarar da ta gabata kimanin dala 16,000 ne, tana zaune da iyayenta a yankin Seattle, a can ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma ta kwana ne tana tafiya a jiragen dakon kaya don ta iso wurin aiki. Hukumar ba ta ce gajiya ce ta kayar da jirgin ba, kuma bai kamata a sa mata magana a baki ba. Abin da ba ya bukatar hukuma ta faɗa shi ne, wanda ake biya irin wannan kuɗi ba zai iya kama ɗaki kusa da Newark ba.

Iyalan mamatan suka tsaya a kan majalisar dokoki har aka yi doka a 2010. Daga 2013 sai mai sa'o'in tashi 1,500 ne zai zauna kujerar mataimaki a jirgin fasinja, maimakon 250 na da, ko da yake an rage wa tsofaffin sojoji da waɗanda suka yi digirin sana'ar. An gyara ƙa'idar hutu a 2014. An kuma tilasta wa masu sayar da tikiti su bayyana sunan kamfanin da zai ɗauki fasinja. Masu sukar dokar sukan ce matuƙan Colgan duka biyu sun wuce sa'o'i 1,500, don haka ba ta magance abin da ya faru ba, kuma a wannan gaɓa suna da hujja. Sai dai dokar ta yi wani aiki da ƙungiyoyi suka kasa yi cikin shekara 20, watau ta ƙafar da rijiyar yara masu arha da jinga ke sha daga cikinta. Kamfanin Republic ya shiga kotun karayar arziki a 2016 yana kukan rashin matuƙa. Bayan annobar korona, da manyan kamfanoni suka shiga ɗibar matuƙa dubbai don cike gurbin waɗanda suka yi ritaya, sai ƙananan suka wayi gari da jirage a ajiye babu kyaftin. A watan Yuni na 2022 kamfanonin jinga mallakar American suka ɗaga ladan sabon mataimaki zuwa dala 90 a sa'ar tashi, saura suka bi. Kuɗin da aka yi shekaru ana rantsuwa cewa babu shi, cikin makonni ya fito.

A nan masu kamfani ke kawo hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ta cancanci a saurare ta da kunnen basira. Suna cewa ƙaramin gari ba ya cika babban jirgi, ƙaramin jirgi kuma ba ya ɗaukar nauyin babban albashi, don haka duk wanda ya tsananta shinge ko ya tsadantar da matuƙi, mutanen ƙananan garuruwa yake yanke wa hanya. Ga shaida kuwa: a 2022 American ya daina zuwa Toledo da Dubuque da Ithaca da Islip, SkyWest kuma ya nemi izinin janyewa daga garuruwa 29 da gwamnati ke biyan tallafi don a riƙa zuwa. Suna ƙarawa da cewa shingen ya daskarar da ƙira. Iyakar da ke cikin yarjejeniyoyin manyan kamfanoni uku ita ce kujeru 76 da nauyin laba 86,000, watau kimanin kilo 39,000. Sabon samfurin E175 da Embraer ya ƙera da injin da ya fi tsimin mai ya zarce wannan nauyi, don haka aka jingine shi. Kamfanin Mitsubishi na Japan ya zuba dukiya mai yawa a nasa jirgin, shi ma nauyin ya zame masa ɗaya daga cikin ƙayoyin hanya, har ya haƙura a 2023. United kuwa, don ya zauna cikin iyaka, a 2019 ya ɗauki jirgi mai kujeru 70 ya cire 20 ya sa masa sabon suna. Abin dariya ne, in ji su, a ce takardar ƙungiya ce ke zana wa injiniyoyi jirgi.

Amma a duba da kyau a ga abin da sharaɗin ya hana. Bai hana kowane kamfani sayen kowane jirgi ba. United ko American na iya sayen sabon jirgin Embraer gobe, mai kujeru 80 ko 90 ko 100, ya kai shi Toledo, muddin matuƙan da ke cikin jerinsa ne za su tuƙa. Abin da aka hana shi ne a sayi jirgin a miƙa wa ɗan jinga. Saboda haka duk sa'ad da aka ce shinge ya hana sabon jirgi shigowa, fassarar maganar ita ce kamfani ba ya son jirgin sai da matuƙi mai arha. Kuma an riga an gwada ɗaya hanyar. A yarjejeniyar 2012 Delta ya karɓi jirage 88 ƙirar Boeing 717, masu kujeru 110, ya ba matuƙansa na gida, ya rage masu kujeru 50 da yawa, ko da yake ya karɓi izinin ƙarin masu 76 a madadin haka. Daga baya ya kawo A220, shi ma a hannun 'yan gida. Kamfanin bai talauce ba, hasali ma yana cikin mafiya riba a ƙasar. Southwest kuwa ya yi shekaru fiye da 50 yana aiki ba tare da rundunar jiragen jinga masu fentinsa ba. Game da ƙananan garuruwa, gaskiya ne wasu hanyoyi ba za su biya kansu ba idan aka biya matuƙi haƙƙinsa. To, in al'umma ta ga cewa garin ya cancanci jirgi, akwai asusun tallafi da aka kafa tun 1978 don wannan, sai a biya daga baitulmali kowa ya gani. Shekara 20 ana biyan wannan tallafi a ɓoye daga aljihun yaran da ke kwana a kujerun ɗakin ma'aikata.

Da aka zo cinikin 2023 matuƙa ne ke da rinjaye, irin rinjayen da ba su taɓa samu ba tun 1978. Na Delta sun karɓi ƙarin kashi 34 cikin 100 a tsawon yarjejeniyar, na American da na United suka samu kwatankwacin haka ko fiye, kuma babu wanda ya ƙara kujera ko laba ɗaya a iyakar jinga. An yaba musu, kuma sun cancanci yabo. Amma wanda yake da ƙarfin karɓar kashi 34 yana da ƙarfin karɓar ƙasa da haka ya ce a dawo masa da jirage masu kujeru 76 cikin gida, a zuba matuƙansu cikin jeri ɗaya da nasa, ko da a ƙasa ne, ko da a hankali ne cikin shekaru. Ba a ga ƙungiyar da ta sa wannan a gaban buƙatunta ba. Abin da ake nunawa a madadinsa shi ne alkawarin hayewa, irin wanda kamfanonin Envoy da Piedmont da PSA ke yi wa matuƙansu, cewa in layi ya zo kansu za su wuce American ba tare da sabuwar tantancewa ba. Alkawarin yana da amfani, amma shi ma wanda ya haye daga ƙasan jeri yake farawa, shekarun da ya yi yana ɗaukar fasinjojin American a jirgi mai fentin American ba a lissafa masa su a lambar girma, kuma saurin layin yana hannun kasuwa. Tambayar da za a yi a nan mai sauƙi ce. In mutum ya isa a ba shi rayuka 76 masu riƙe da tikitin kamfani, cikin dare da ƙanƙara, ya sauka da su a ƙaramin fili, sau huɗu ko biyar a yini, wace jarrabawa ce ta rage masa kafin ya isa a kira shi ma'aikacin kamfanin?

Albashin da ya hau a 2022 ƙarancin matuƙa ne ya hau da shi, kuma ƙaranci ba ya dawwama. A 2024 manyan kamfanoni suka rage ɗaukar sababbi, wasu kamfanonin jinga suka fara janye kuɗaɗen jan hankali da suke bayarwa, Air Wisconsin kuma, wanda ya yi wa United aiki, ya koma US Airways, ya dawo United, ya sake komawa American, ya rasa kwangilarsa a 2025. Tsarin kaɗa wannan da wancan yana nan yadda yake, ba a cire masa ko ƙusa ɗaya ba. Yarjejeniyar Delta ta 2023 an rubuta a buɗe ta don gyara a ƙarshen 2026, na American da United kuma a 2027. Masu ƙera jirage suna da samfurin da ke jiran a ɗaga nauyi kaɗan, masu kamfani kuma sun san farashin da aka sayi kujeru 20 na farko da 6 na biyu. Matuƙan jinga, waɗanda a kan aikinsu za a yi cinikin, ba su cikin masu jefa ƙuri'a a kan ko ɗaya daga cikin yarjejeniyoyin uku.